Yadda Ake Riƙe Sashen Injiniyan Man Fetur a Jami'a: Jagora Ga Sabon Shugaba

Tun da na sauka daga kujerar shugabancin sashe, ba a daɗewa wani abokin aiki bai kira ni da tambaya iri ɗaya ba: "Malam, an ba ni takardar naɗi, ta ina zan fara?" Na amsa a waya, na amsa a rubuce, har na ga gara in tattara amsar wuri guda. Wanda ake ba wannan kujera galibi gwani ne a lissafin rumbun mai (wato dutsen ƙarƙashin ƙasa da mai ke kwance a cikinsa) ko a haƙar rijiya, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa kasafin kuɗi ko rabon darussa. Jami'o'i sun bambanta a dokoki da tsawon wa'adi, sai dai jerin aikin kusan ɗaya ne, kuma jerin nan shi na fi so a riƙe. Yawancin ɓarnar da na gani ta samo asali ne daga yin aiki na biyar kafin na ɗaya. Malama, ki yi mini uzuri, zan riƙa cewa "ka", amma maganar taku ce duka.

1. Ƙidaya abin da ka gada

A watan farko kada ka canza komai. Nemi zama da wanda ka gada, ka karɓi takardar miƙa aiki a rubuce, da sa hannunku ku biyu. Abubuwa biyar dole su fito a cikinta: sunayen malamai da muƙamansu da shekarar da kowa zai yi ritaya, yawan ɗalibai aji-aji, kuɗin da ke asusun sashe da bashin da ake bin sa, yarjejeniyoyin da aka ƙulla da kamfanoni tare da ranar ƙarewarsu, sai rahoton ƙarshe na masu tantancewa, wato hukumar da ke duba ingancin digirin sashe.

Daga nan ka tashi da ƙafarka. Ɗauki rajistar kayan aiki, ka shiga ɗakunan gwaji tare da babban ma'aikacin wurin, na'ura bayan na'ura. Kada ka tsaya ga tambayar "tana nan?" Ka ce a kunna ta, a yi awo ɗaya a gabanka. Gani ya kori ji. Ka raba su kashi uku a takarda: mai aiki, mai buƙatar ƙaramin gyara, da wadda ta mutu. Na taɓa tarar da na'urar auna matsin ruwan rumbu lulluɓe da leda, a rajista an rubuta "lafiya lau", alhali tun da aka sauke ta daga mota ba a taɓa haɗa ta da wuta ba.

Sannan ka zauna da kowane ma'aikaci shi kaɗai, rabin awa, har da sakatare da masu kula da ɗakin gwaji. Tambaya biyu ta isa: me ke hana ka aiki, kuma me kake ganin bai kamata in taɓa ba?

*Hattara:* kada ka sa hannu a kan jerin kayan da ba ka gani da idonka ba. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sunanka ne a ƙasan takardar.

2. Gano ranar tantancewa, ka ƙirga baya

Digirin injiniya da hukumar tantancewa ba ta amince da shi ba yana hana ɗalibi rajistar ƙwararru, a wasu ƙasashen ma ya hana shi aiki. Saboda haka ranar zuwan masu tantancewa ita ce ginshiƙin kalandarka. Kowace ƙasa da hukumarta. A Amurka ABET ce, kuma tana yin cikakken bita duk shekara 6. Ƙasashe da yawa sun shiga Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ke sa mambobinta su amince da digirin juna. Ka nemi kundin ƙa'idojin hukumar ƙasarku na bana, ka karanta shi da kanka daga bango zuwa bango.

Abin da sababbin shugabanni ba sa ganewa da wuri shi ne masu tantancewa hujja suke nema, ba sa karɓar bayani da baki. Don haka daga zangon farko ka buɗe fayil ga kowane darasi. A ciki a sa tsarin darasin, takardun tambayoyi da jagorar maki, samfurin amsoshin ɗalibai guda uku (mafi kyau, matsakaici, da mai rauni), rahotannin ɗakin gwaji, da ɗan bayanin malami kan abin da ɗalibai suka kasa da gyaran da zai yi baɗi. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa, kuma shi suka fi dubawa, don shi ke nuna sashe yana gyara kansa.

Naɗa malami ɗaya mai tsari ya riƙe fayilolin, ka rage masa darasi ɗaya. Ka fitar da kurakuran da rahoton baya ya lissafa, ka rubuta sunan mutum da rana a gaban kowanne.

*Hattara:* ba a fafe gora ranar tafiya. Aron kayan aiki daga wani sashe ko aron sunayen malamai saboda ziyarar kwana uku ha'inci ne, kuma masu tantancewa malamai ne irinka, sun san ƙurar da ke kan na'urar da ba a amfani da ita. Za su keɓe da ɗalibai su tambaye su, ɗalibai kuwa za su faɗi gaskiya.

3. Malamai da rabon darussa

Zana jadawali mai layi huɗu: haƙa da kammala rijiya, injiniyan rumbu, fitar da mai da sarrafa shi a sama, da nazarin dutse da bayanan awon rijiya. Ƙara na biyar, tattalin arzikin aikin mai. A gaban kowane layi rubuta waɗanda za su iya koyar da shi gobe da safe. Duk layin da ka ga suna ɗaya tak, nan ne ciwonka, kuma nan za ka nufa da gurbin ɗaukar ma'aikaci na gaba. A yawancin sassa masana rumbu sun yi yawa, saboda bincikensu da kwamfuta ake yi, masu haƙa kuwa ƙalilan ne, domin kamfani na biyan su abin da jami'a ba za ta iya ba.

Wannan giɓin ana cike shi da injiniyoyin da suka yi ritaya daga masana'anta ko masu koyarwa na wucin gadi. Mutumin da ya kwana a kan dandamalin haƙa yana da abin da littafi ba ya bayarwa. Amma ka haɗa shi da ƙaramin malami na dindindin, ya zauna a ajinsa, ya taya shi tsara jarrabawa, ya kwashi ilimin kafin baƙon ya tafi.

Rabon darussa a yi shi a taron sashe, a allo, kowa na gani. Ka ƙirga har da duba ayyukan ɗaliban ajin ƙarshe da na masu digiri na biyu da na uku, da aikin jami'in jarrabawa, domin duk lokaci suke ci. Ni ra'ayina, shugaba ya riƙe darasi ɗaya na ƙananan aji. A nan za ka ji abin da ke damun ɗalibai kafin ya zama takardar ƙorafi.

*Hattara:* kuskuren da ya fi yawa shi ne jibga wa ƙananan malamai manyan azuzuwa, sannan a zo lokacin ƙarin girma a ce ba su wallafa bincike ba. Cikin shekara biyu za ka rasa su. Ka kuma kula da sakamakon jarrabawa: kada maki ya bar sashe sai wani malami na biyu ya duba, kuma duk gyaran maki ya kasance a rubuce da dalili.

4. Duba manhajar karatu

Sai a shekara ta biyu nake ba da shawarar a taɓa manhaja, bayan ka ga zango biyu sun wuce a gabanka. Fara da jerin sharuɗɗa: ɗalibi ba zai fahimci gwajin matsin rijiya ba in bai ƙware a lissafin sauyi ba, ba zai gane halin mai da gas a ƙarƙashin matsi ba in ilimin zafi da makamashi bai zauna masa ba. Sau da yawa faɗuwar ɗalibai a aji huɗu daga aji biyu ta taso.

Abu uku nake so ka tabbatar suna ciki. Na farko, aikin ƙira na ajin ƙarshe da ake yi rukuni-rukuni, inda ɗalibai za su ɗauki fili guda tun daga ƙiyasin man da ke ƙasa har zuwa lissafin riba, su kare shi a gaban injiniyoyin waje. A nan za su koyi rarraba albarkatu bisa tsarin PRMS da SPE, ƙungiyar injiniyoyin man fetur, ke jagoranta. Na biyu, rubuta shirin kwamfuta, musamman da Python, a saƙa shi cikin darussan da ake da su maimakon a ware shi gefe. Na uku, kiyaye rayuka. A 1988 mutum 167 suka mutu a dandamalin Piper Alpha a Tekun Arewa. A 2010 rijiyar Macondo ta ɓalle a Tekun Meziko, mutum 11 suka rasu. Ɗalibin da zai fita da digirinku ya kamata ya iya bayyana, mataki-mataki, yadda aka yi shingayen kariya suka faɗi ɗaya bayan ɗaya a waɗannan wurare biyu.

Batun adana iskar kabon a ƙarƙashin ƙasa da zafin cikin ƙasa, ka shigar da su a matsayin darussan zaɓi. Ilimin ɗaya ne da na rumbu da rijiya, kuma ba sabon abu ba ne: tun 1996 ake cusa iskar kabon a filin Sleipner na ƙasar Norwe.

*Hattara:* duk darasin da ka ƙara, ka cire wani. Kuma canjin manhaja sai ya bi ta kwamitin tsangaya da majalisar jami'a kafin a koyar da shi. Wanda ya fara koyarwa kafin amincewa yana jefa sakamakon ɗalibai cikin rigima.

5. Ɗakin gwaji: me za a fara saye

A nan kuɗi suka fi zubewa, don haka zan ɗan daɗe.

Fara da ɗakin taɓon haƙa, wato ruwan taɓon da ake turawa cikin rijiya yayin haƙa. Shi ya fi araha, shi ya fi ɗaukar ɗalibai da yawa a lokaci guda, kuma abin da ke cikinsa shi ɗalibi zai tarar a bakin rijiya ranar farko. Ana buƙatar ma'aunin nauyin taɓo, mazurarin Marsh, na'urar auna kauri mai juyawa irin Fann 35, matsewar tace ruwa, injin dama taɓo, da kayan auna yashi da tsami. Ka sayi saiti da yawa na waɗannan maimakon babbar na'ura guda, don kowane rukuni na mutum huɗu ko biyar ya sa hannu. Hanyoyin gwajin suna cikin ƙa'idar API RP 13B-1 ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, a samu kwafi a ajiye a ɗakin. Kai ma kana iya gane ko kayan na faɗin gaskiya cikin minti goma: ruwa mai tsabta ya nuna 8.33 a ma'aunin nauyi, wato fam a kowane galan, kuma mililita 946 na ruwan ya zube daga mazurarin Marsh cikin daƙiƙa 26 a zafin digiri 21 na ma'aunin Celsius. In ba haka ba, a saita ko a canza. Gwajin tacewa a matsin 100 psi ake yi na minti 30, karatun kauri kuwa a juyi 600 da 300 a minti.

Na biyu, ɗakin nazarin dutse: injin yanke samfuri, kayan wanke shi da fitar da ruwan cikinsa irin Soxhlet da Dean-Stark, tanda, na'urar auna kafofin dutse da iskar hiliyom, da ta auna yadda iska ke ratsa shi. Da waɗannan ɗalibi zai taɓa dokar Darcy, wadda ke bayyana yadda ruwa ke ratsa dutse, da hannunsa.

Sai a ƙarshe manyan kaya: tukunyar nazarin mai a matsi da zafin rumbu, na'urar tura ruwa cikin dutse, da na'urar kwaikwayon haƙa. Kowace ɗaya tana iya cinye abin da ya fi kuɗin ɗakin taɓo gaba ɗaya. Kafin ka sa hannu, ka amsa tambaya uku. Wane malami ne bincikensa ya dogara da ita? Wane ma'aikaci za a horar, kuma in ya tafi wa zai gaje shi? Daga wane asusu za a riƙa ciyar da ita?

Tambayar ƙarshen ita ce gaba. Kuɗin saye somin taɓi ne. Bayansa akwai jigila da harajin shigowa, kafawa, horo, wutar da ba ta yankewa, sanyaya ɗaki, tulunan hiliyom da naitirojin, sinadarai, robobin toshe yoyo da ke lalacewa, saitawa duk shekara, da kuɗin kiran injiniyan kamfanin in ta tsaya. Ka sa mai sayarwa ya rubuta maka kuɗin riƙe na'urar na shekara 5, da kayan gyara na shekara 2 a cikin kwangilar. Masu ba da tallafi suna son sayen sabon abu da za a liƙa wa sunansu, ba sa son biyan kuɗin gas. Aikinka ne ka sa wannan a cikin roƙon tun farko. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ma'aikatan ɗakin gwaji kuwa, su ne sashen. Farfesa na iya tafiya hutun bincike shekara guda ba a ji ba, amma in mutumin da ya san na'urar ratsa dutse ya yi jinyar wata biyu, gwaji ya tsaya cak. Ka nema musu horo, ka sa sunansu a takardun binciken da suka yi wa aiki, ka tsaya musu a ƙarin girma.

*Hattara:* sinadarin toluwin da ake wanke dutse da shi yana kama wuta kuma shaƙarsa na cutarwa, kada a yi aiki da shi sai a akwatin zuƙe tururi. Tulunan gas a ɗaure su da sarƙa a bango. Tsofaffin na'urori da yawa da zaiba suke aiki, in ka gaji irinsu ka nemi ƙwararru su kwashe. Ɗanyen man da aka kawo daga fili yana iya ɗauke da iskar H2S mai kisa. Kada ɗalibi ya yi gwajin matsi shi kaɗai, ko da rana ne.

6. Sofwaya da bayanan fili

Manyan kamfanonin sofwaya suna ba jami'o'i lasisin koyarwa kyauta ko da rangwame mai yawa. SLB na da Petrel da Eclipse, CMG na Kanada na da nasu na kwaikwayon rumbu, Petroleum Experts na da Prosper da MBAL da GAP. Shugaban sashe ne ke rubuta takardar nema. Kafin ka rubuta, ka tanadi kwamfutoci masu ƙarfi, da uwar garken lasisi, da mutum ɗaya da zai kula da sabuntawa. Rubuta ranar ƙarewar kowane lasisi a kalandarka, ka fara neman sabuntawa wata uku kafin ta. Lasisi ya mutu ana tsakiyar aikin ajin ƙarshe, wannan tashin hankali ne da na gani fiye da sau ɗaya.

Ka haɗa da na kyauta waɗanda ba sa ƙarewa, irin OPM Flow da MRST na cibiyar SINTEF. A cikinsu ɗalibi na ganin lissafin da ke ƙarƙashi, ba danna maɓalli kawai ba. Bayanan fili na gaske ma akwai: a 2018 kamfanin Equinor ya saki bayanan filin Volve na Tekun Arewa don karatu da bincike. Sai ka matsa wa ɗakin karatu na jami'a ya biya kuɗin shiga OnePetro, inda takardun SPE suke.

*Hattara:* lasisin koyarwa ya haramta aikin kuɗi. Malami ɗaya ya yi wa kamfani aiki da shi, a janye wa sashe duka.

7. Hulɗa da kamfanoni

Kafa kwamitin ba da shawara na mutum shida zuwa goma daga masu haƙo mai, kamfanonin hidima, hukumar sa ido, da tsofaffin ɗalibai. Ku zauna sau ɗaya ko biyu a shekara. A zaman farko kada ka roƙi kuɗi. Nuna musu manhaja, ka tambaye su abin da yaranku ke kasawa a shekarar farko ta aiki, ka gyara abu ɗaya, ka sanar da su. Bayan haka roƙo ya yi sauƙi, kuma ka fara da abin da ba ya buƙatar sa hannun manya: guraben horon ɗalibai, ziyarar fili, samfurin dutse, tsohon bakin haƙa da za a ajiye a aji.

Ka raya reshen ɗalibai na SPE, ka ba shi malami mai himma. Ta nan ake samun masu lacca baƙi da shiga gasar kacici-kacici ta PetroBowl. In hali ya yi, ka nema wa 'yan ajin ƙarshe hanyar samun takardar shaidar sarrafa rijiya ta IWCF ko IADC.

*Hattara:* duk yarjejeniyar bincike ta bi ta ofishin lauyan jami'a, kuma ka duba sharaɗin sirri da kyau. Na ga ɗalibin digiri na uku ya gama aiki, kamfani ya hana shi wallafawa, ya yi zaman jira fiye da shekara. Ka sa a rubuta wa'adin da kamfani zai duba takarda, in ya wuce an sake ta.

8. Yawan ɗalibai da farashin mai

Wannan sashe da kasuwar mai yake numfashi. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Waɗanda suka cika azuzuwa lokacin tsada sun fito lokacin da kamfanoni ke sallamar ma'aikata. Digiri shekara 4 ko 5 yake ɗauka, kasuwa kuwa tana juyawa cikin watanni. A 2021 Jami'ar Kalgari ta Kanada ta dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a digirin farko na injiniyan mai da gas. A 2006 Jami'ar Stanford ta canza sunan sashenta zuwa na albarkatun makamashi.

Don haka lokacin da masu nema suka yi yawa, ka tsaya kan adadin da ɗakunan gwajinka da malamanka za su ɗauka, ko da hukumar jami'a na matsa maka. Ka kai musu lissafi a takarda: saiti nawa, rukuni nawa, awa nawa a mako. Lokacin da suka ragu, ka buɗe darussanka ga ɗaliban injiniyan sinadarai da na kimiyyar ƙasa, ka ƙarfafa digiri na biyu da gajerun kwasa-kwasai na ma'aikata. Ka riƙa bin diddigin inda waɗanda suka kammala suke aiki, shekara-shekara, domin da wannan jerin za ka kare sashen ranar da aka fara maganar haɗe shi da wani.

*Hattara:* kada ka ɗauki ma'aikacin dindindin da kuɗin tallafin kamfani. Ranar da farashi ya faɗi, tallafin ne farkon abin da suke yankewa.

9. Shirya miƙa aiki

Wata shida kafin wa'adinka ya cika, ka fara jawo wanda ake ganin zai gaje ka cikin taron kasafi da na kwamitin shawara. Sabunta jerin nan mai kashi uku na na'urori, ka ajiye shi kusa da na ranar da ka karɓa. Tattara yarjejeniyoyi, ranakun lasisi, lambobin sirrin uwar garke, fayilolin darussa da alƙawuran da ka ɗauka wa kowa, har waɗanda ka yi da baki. Ka gabatar da shi ga mutanen kamfanoni da kanka, fuska da fuska. Ranar miƙawa ku zaga ɗakunan gwaji tare, a kunna kowace na'ura a gabansa, sannan ku sa hannu.